Me ya sa likita ya hana ɗanki amoksisilin?

'Yar'uwa, kin ce yaronki na fama da mura da tari tun shigowar hunturu, kin kai shi asibiti nan Maradi, likita ya ba da farasitamol kawai, ya ƙi rubuta amoksisilin. Ni dai ina ganin ya yi daidai.

Mura yawanci ƙwayar cutar da ake kira bairos ke kawo ta, ba bakteriya ba, wadda wata irin ƙwayar cuta ce daban. Amoksisilin kuwa aikinsa shi ne ya hana bakteriya gina bangon jikinta har ta fashe, bairos ko ba shi da wannan bango. To me maganin zai kama? Jikin yaron ne ke yaƙin. Fararen ƙwayoyin jini suna haɗiye abin da ya shigo, wasu suna kashe ƙwayoyin jikin da suka kamu, wasu kuma suna ƙera garkuwar da ta dace da wannan bairos ɗin, su riƙe kamanninsa don gaba. Wannan na cin kwana 7 zuwa 10, tarin ma yakan ɗan jima bayan nan.

Kada ki bi ta wurin masu tallar magani a kasuwa ki sayo kafso. Shansa barkatai ke sa bakteriya ta daina jin magani, ga gudawa da yakan jawo.

Ki yawaita ba shi ruwa da kunu, in yana shan nono a ci gaba. Amma ki ɗaga rigarsa ki duba: in numfashi ya yi sauri, ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ko ya ƙi sha, ki koma asibiti take. Wannan na iya zama ciwon huhu, a nan ne amoksisilin ke da aiki. Zazzaɓi kuma a yi masa gwajin maleriya tukuna.