An sallame shi kafin fara kaka, ya gama ke nan?

Malam, ka tambaya ko ɗan wasan da ƙungiyarsa ta sallama a NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ya gama ke nan. A'a. A ƙarshen Agusta kowace ƙungiya kan rage 'yan wasanta daga 90 zuwa 53. Wanda aka sallama bai cika kaka 4 a gasar ba, sauran ƙungiyoyi na iya ɗaukarsa da kwantiraginsa. In ba mai so, yana iya samun gurbi a rukunin atisaye, inda ake ɗauko mutum idan wani ya ji rauni.

Kada ka ɗauka jerin farko na 'yan wasa 53 shi ne na ƙarshe, yakan canza cikin kwanaki. Sau da yawa ma tsadar albashi ce ke jawo sallama, ba rashin iyawa ba. Batun kuɗin da aka lamunce masa kuwa, sai wakilinsa ko lauya ya duba kwantiragin.