Shin aikin yankan tikitin jirgi yana da makoma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina aiki a wani ofishin shirya tafiye-tafiye a Kano, ina kama wa mutane kujera a kwamfuta ina yanka musu tikitin jirgin sama. A 'yan watannin nan da yawa daga cikin 'yan kasuwar da suka saba zuwa wurinmu sun koma sayen tikiti da wayoyinsu, har maigidanmu ya fara zancen rage ma'aikata. Shin in ci gaba da wannan sana'a, ko in nemi wata tun da sauran lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fargabarka tana da tushe, kuma ba zan ɓoye maka ba: ɓangaren aikin da ka ambata, wato shigar da suna da ranar tafiya a karɓi kuɗi a miƙa tikiti, yana kan hanyar ƙarewa, domin duk abin da ake maimaitawa iri ɗaya sau ɗari a rana na'ura ta fi mutum sauri da araha a kansa. Wannan sauyi ya girme ka. A shekarun 1960 kamfanin American Airlines ya haɗa kai da IBM suka samar da tsarin Sabre, wanda ya maye gurbin ma'aikatan da ke rubuta kujerun fasinjoji a kan kati da hannu. A 1987 wasu kamfanonin Turai huɗu, Air France da Lufthansa da Iberia da SAS, suka kafa irin wannan tsari mai suna Amadeus, wanda wataƙila shi ne a kan kwamfutarka yanzu. Daga 1 ga Yunin 2008 kuma ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina amfani da tikitin takarda.

Abin da ya fi na'ura girgiza sana'ar shi ne batun la'ada. A da kamfanin jirgi ne ke biyan ofishi wani kaso a kan kowane tikiti. A 1995 kamfanin Delta na Amurka ya ƙayyade iyakar wannan la'ada, zuwa 2002 manyan kamfanonin ƙasar suka soke ta, sauran duniya kuma suka bi sahu sannu a hankali. Tun daga nan abincin ofishi irin naku ya fi dogara ga kuɗin hidima da fasinja ke biya daga aljihunsa, fasinja kuwa ba zai daɗe yana biyan kuɗi a kan abin da zai iya yi yana kwance a ɗakinsa ba. Ka dubi jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda aka fara sayar da tikitinsa ta intanet a Janairun 2021, har da niyyar daƙile 'yan cuwa-cuwa: layin gaban taga ya ragu, mai zama a bayan tagar ma buƙatarsa ta ragu.

To amma sayen tikiti shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin tafiya. Wahalar tana zuwa ne a ranar da lissafi ya ɓaci: ɗan kasuwa ya rasa jirginsa na biyu a Addis Ababa a hanyar Guangzhou, ko an rubuta suna ya saɓa wa na fasfo da harafi biyu, ko rasuwa ta sa dole a ɗage tafiya alhali tikitin na mai rahusa ne wanda ba a mayar da kuɗinsa. A irin wannan rana ake neman wanda ya iya karanta ƙa'idojin farashi, ya san bambancin canja rana kafin jirgi ya tashi da bayan ya tashi, ya san harajin da ake iya dawo da shi ko da asalin kuɗin ya tafi, ya kuma san wanda zai kira a ofishin kamfanin. Mun ga haka a 2020 lokacin da annobar korona ta rufe filayen jirgi aka bar mutane da tikitocin da ba su yi amfani da su ba. Mun sake gani lokacin ƙarancin dala, inda kuɗaɗen kamfanonin jiragen ƙasashen waje da suka maƙale a Najeriya suka haura dala miliyan 800 a 2023, kamfanoni da dama suka rufe kujerunsu masu araha, Emirates kuma ta dakatar da zuwa daga ƙarshen 2022 sai a Oktoban 2024 ta dawo. A lokacin, ma'aikacin da ya iya haɗa wa fasinja hanya ta Alƙahira ko Doha ko Istanbul a kan kuɗin da zai iya biya, shi ne ya riƙe wa ofishinsu kwastomomi.

Za a ce maka manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su karɓi wannan ma. Za su karɓi wani ɓangare, musamman tambayoyin nauyin kaya da canjin rana mai sauƙi. Sai dai ɗaukar alhaki wani abu ne daban. A farkon 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta umarci Air Canada ya biya wani fasinja da manhajar hirar kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba game da rangwame. Idan kuɗi ya yi nauyi, mutane suna son wanda za su iya riƙewa.

A Arewa kuma kana da wani babban gata, wato Hajji da Umara. Kai ayarin mutum arba'in Umarar azumi ya ƙunshi kama kujeru a dunƙule, biyan kafin alƙalami a kan lokaci, biza, masauki kusa da Harami, da tsofaffin da ke buƙatar keken turawa, kuma kamfanonin jirgin yawo da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ke ba lasisi ba sa rabuwa da neman wanda ya iya wannan. Haka nan Hajiyar da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari ta fi natsuwa ta ba da miliyoyinta ga wanda ta san shagonsa. Kada dai ka gina rayuwarka kacokan a kan wannan, domin 'ya'yan Hajiyar da wayar suka tashi, Saudiyya ma tun 2022 ta fito da manhajar Nusuk wadda mai ziyara ke neman izinin shiga Rauda da ita da kansa.

A ganina kada ka yi gaggawar barin sana'ar, domin shekara uku jari ne, amma ka bar kujerar da kake kai. Ka zurfafa a Amadeus ko Sabre ko Galileo har ka iya sake fitar da tikiti da lissafin mayar da kuɗi da hannu, ka fahimci tsarin BSP da ofisoshi ke biyan kamfanonin jirgi ta cikinsa, ka kuma san kurakuran da ke jawo wa ofishi takardar tara, domin ma'aikacin da ke hana maigida asara ba da shi ake fara sallama ba. Takardar shaidar IATA tana taimakawa idan za ka nemi aiki a kamfanin jirgi, Larabci yana da amfani a harkar Umara, Faransanci kuma ga fasinjojin Maraɗi da Damagaram da ke tashi ta Kano. Buɗe ofishin kanka yana buƙatar jari da lamunin banki, shi ya sa da yawa ke farawa da fitar da tikiti a ƙarƙashin babban ofishi mai rajista. Abu ɗaya da zan gargaɗe ka a kai shi ne, idan ciniki ya ja baya wasu ofisoshi kan faɗa harkar bizar bogi da alƙawarin aikin ƙasashen Larabawa da babu shi, kuma sa hannun ma'aikaci ne ke kan takardun idan asiri ya tonu.

A makon nan ka samu maigidanka ka roƙe shi ya miƙa maka fayilolin mayar da kuɗi da tikitocin da suka rikice, waɗanda kowa ke gudu, da kuma ayarin Umara na gaba. Idan shekara ta zagayo yana nan bai ba ka komai ba sai yankan tikitin Kano zuwa Legas, to ka ɗauki abin da ka koya ka nemi wani ofishin.