Amsa ga ɗan'uwana na Kano kan yaron nan na Gangare

Malam ka tambaya wai ya akai yaron da ba uba ba gata, uwa tana suyar awara a bakin layi, ya gama jami'a a nan Jos, har kace da a wajenku ne da tuni an miƙa shi gareji an huta. To bari kaji yadda mu Jasawa muke yi, don zamanmu ba irin naku bane.

Kakanninmu haƙar kuza ce ta kawo su tun zamanin Turawa, wasu daga Kano wasu Bauchi wasu Zariya, suka zauna suka hayayyafa. Kaga yawancinmu ba gonar gado da za a ce in karatu ya ƙi a koma noma, sannan mun tashi aji ɗaya da Birom da Afizere da Ibo da Yarbawa kowa yana rububin boko, in ka zauna kana kallo sai a raba komai ba kai. Shi yasa karatun yaro a nan ba na iyayensa bane kaɗai, na unguwa ne.

Shi wannan yaron rumfar babansa tana cikin waɗanda suka ƙone a gobarar kasuwar Taminus a 2002, bawan Allah bai gama farfaɗowa ba rikicin Nuwamba 2008 ya zo ya tafi da shi, Allah ya jiƙansa. Lokacin yaron yana firamare. Na sha ganinsa da asuba cikin sanyin nan namu mai shiga ƙashi yana dakon buhun dankali da kabeji a Farin Gada, hannu duk ya tsage, ƙarfe bakwai yana yi sai ya zaro yunifom daga leda ya canza a bayan rumfa ya ruga makaranta, da yamma kuma islamiyya. Maigidansa bai taɓa hana shi tafiya ba, kuma ba wai shi waliyyi bane, a nan abin kunya ne a ji ka riƙe maraya a shago lokacin makaranta, dattawan masallaci zasu kira ka.

Kuɗin WAEC matan layinsu ne suka sa mamarsa a gaba a adashe ta fara ɗauka. Na JAMB kuwa bayan sallar isha'i aka yi sanarwa ba a ambaci suna ba, aka zagaya da hula, kowa ya san ko waye amma ba wanda ya furta. Ga kuma lesin da samarin da suka gama jami'a suke yi kyauta lokacin hutu a ajujuwan firamare, a Unguwar Rogo da Rikkos da Nasarawa duk zaka samu, wani injiniya ne da digirinsa yana tsaye da alli ko sisi ba ya karɓa.

Amma inda gizo ke saƙar shine takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin gari, wadda ku ba ku ma san darajarta ba tunda kuna zuwa ake baku. Mu an haife ka a Jos an haifi babanka a Jos, amma in ka zo neman gurbin karatu ko sukolashif sai ace kai ɗan zama ne. Dole yaron ya hau mota ya tafi garin kakansa inda ba wanda ya san fuskarsa, ya dinga bin dangi na nesa har aka samu tsohon da ya tuna kakan ya tsaya masa wajen mai unguwa. A can kuma ɗan Jos suke ce masa, suna dariyar Hausarsa.

Kar kace kowa haka yake gamawa fa. Sa'anninsa da dama sara-suka da shaye-shaye sun cinye su, wasu ma sun fi shi ƙwaƙwalwa wallahi, sai dai ba a cafe su da wuri ba.

Yanzu ƙanwarsa ce zata rubuta JAMB, ita ma takardar nan ce ta tsaya mana, kuma dangin mamarsu ta wajenku suke. Zan turo maka sunan unguwar, don Allah ka bincika mana ko akwai dattijon da ya rage a gidan.