Ina ribar manyan kamfanonin duniya ke shiga lokacin biyan haraji?

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi, kuma duk shekara masu karɓar haraji sai sun zo mini. Amma sai na ji wai kamfanoni irin su Apple da Google na samun biliyoyi, abin da suke biya kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan ba sata ba ce? Me ya hana gwamnatoci kama su?

Amsa: Malam, yawancin abin da suke yi doka ba ta kira shi sata ba, shi ya sa kama su ke da wuya. Harajin kamfani a kan riba ake yanka shi, ba a kan ciniki ba. Ciniki kuwa ba ya ɓuya, amma riba a takarda take, kuma takarda tana iya tsallaka iyaka cikin dare ɗaya.

Ga misali. Kamfani ya sayar da kayan naira biliyan 10 a ƙasar da harajinta ya kai kashi 30 cikin ɗari, kamar Najeriya. Sai wani reshensa da ke ƙasar da haraji ke da arha ya aiko da takardar bin kuɗi: biliyan 2 ladan amfani da sunan kamfani da tambarinsa, biliyan 1 kuɗin ruwan bashi, wani biliyan ɗin kuma na "shawarwari". Mai bin bashin da wanda ake bi duk gida ɗaya ne. Kafin akanta ya rufe littafi, ribar ta ƙaura, an bar wa hukuma ƙashi. Kamar ka ce ɗanka ne mai shagon da kake zaune, ka riƙa biyansa haya mai tsada, kuɗin kuma ya dawo aljihunka da daddare.

Haka Google ya tura Yuro biliyan 19.9 zuwa tsibirin Bamuda, inda ba a karɓar harajin ribar kamfani a lokacin, ta hannun wani reshensa na Holan a 2017. Shi kuwa Apple, Hukumar Tarayyar Turai ta gano cewa a 2014 wani reshensa na Ailan ya biya kusan Yuro 50 kacal a kan kowace ribar Yuro miliyan ɗaya. A 2016 hukumar ta ce Ailan ta karɓo Yuro biliyan 13 daga hannunsa. Abin mamaki, gwamnatin Ailan ɗin da za a ba kuɗin ita ma ɗaukaka ƙara ta yi, don tana tsoron kada baƙin kamfanoni su gudu. Sai a Satumban 2024 babbar kotun Turai ta tabbatar da hukuncin. Ka ga amsar tambayarka ta biyu: ƙasashen ne da kansu ke gasar sauke haraji.

Maganin da aka fi ji shi ne yarjejeniyar Oktoban 2021 a ƙarƙashin OECD (ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki), wadda ƙasashe 136 suka amince da ita: kamfanin da cinikinsa ya kai Yuro miliyan 750 a shekara ya biya aƙalla kashi 15 a duk inda ya ajiye ribarsa. In ya biya ƙasa da haka, wata ƙasa ta karɓi cikon. Najeriya ta ƙi sa hannu a lokacin, tana ganin rabon da zai zo mata bai kai ba, amma sabuwar dokar harajinta ta 2025 ta ɗauki wannan kashi 15 ɗin. Amurka kuwa ta janye jiki a Janairun 2025.

A ganina kashi 15 ya yi kaɗan ga ƙasar da ke karɓar 30, don har yanzu mai kwashe riba yana tsira da rabin harajin. Abin da ya fi amfani shi ne dokar cikin gida, irin Dokar Kuɗi ta 2019 ta Najeriya, wadda ta ƙayyade kuɗin ruwan da kamfani zai iya cirewa a kan bashin da ya ci daga 'yan'uwansa na waje. Sannan a samu jami'an da za su iya zama da akantocin kamfani, su bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya, su tambaya: wannan "shawarar" ta biliyan ɗaya, wa ya bayar da ita, kuma a wane ofis?