Amsa ga ɗan'uwan da zai kai iyalinsa Rameswaram

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ke Chennai, wanda ya ce yana so ya kai maiɗakinsa da yara Rameswaram, garin da ke kan tsibiri a kudancin Indiya, a hutun ƙarshen mako, har ya ga ɗaki mai araha a intanet yana tambaya ko ya biya: don Allah dakata, kada ka tura ko rupi ɗaya tukuna. Ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, domin abin da ya same ni ke nan.

Ka kira masaukin a waya, ka ji muryar mutum. Ka ce fasfonka na Najeriya ne, ka tambaya ko suna cike Form C, wato takardar da masauki ke kai wa hukuma rahoton baƙon ƙasar waje da ita, sannan su turo maka amsar a rubuce. Manyan otal ba su da wannan matsala. Ƙananan masaukan da suka zagaye haikalin Ramanathaswamy kuwa don masu ziyarar ibada aka gina su, da yawansu ba sa son wahalar kai rahoton baƙon ƙasar waje cikin awa 24, manhajar kama ɗakin kuma ba za ta gaya maka ba, kuɗinka kawai za ta karɓa.

Ni da Hajiyarmu muka je, bayan ta warware daga aikin gwiwa. Ta gaji da ɗaki da warin asibiti, na ce bari in fita da ita ta sha iska kafin ta koma gida. A lokacin an rufe tsohuwar gadar jirgi ta Pamban, wadda ake bi tun 1914, saboda haka a Mandapam aka sauke mu, muka ƙarasa a mota da sauran duhu. Mutumin da ke kan teburin masaukin da fara'a ya tarbe mu. Ina miƙa masa koren fasfo sai fuskarsa ta sauya, ya sa bakin biro ya turo min shi baya, ko taɓawa bai yi ba. Wai babu ɗaki. Na nuna masa shaidar biya a waya, ya kaɗa kai. Ga makullai nan rataye a bayansa ina gani da idona. Muna tsaye wasu iyali suka shigo da kayansu, ya zaro makulli ya ba su a gabanmu.

Wallahi da ya ce min, malam, doka ce ta hana ni, da na fahimta, da na gode masa ma. Abin da har yau ke min ciwo shi ne kujera. Kujerar roba ce guda ɗaya a bakin ƙofa, Hajiya ta dogara sandarta za ta zauna, ƙafar da aka yi wa aiki tana rawa, sai ya taso ya ɗauke kujerar ya shigar da ita ciki. Tsohuwa ce fa, sa'ar uwarsa. Ba ta jin Turanci, amma wannan ba ya buƙatar tafinta. Ta riƙo hannun rigata ta ce, "Rabu da shi, mu tafi, Allah na nan." Na sha ganin wulaƙanci a ƙasar nan wajen neman gidan haya, kowa a nan ya sani, amma a gaban mahaifiyata ba a taɓa min irinsa ba. Kuɗin ma sai da na yi ta kira har na gaji na bar musu. Har yanzu in na tuna bakin biron nan sai in ji ƙirjina ya yi zafi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ranar amavasai muka faɗa. Ka duba wannan da kyau kafin ka tsayar da rana. Ita ce ranar da wata ke ɓuya, wato daidai ƙarshen watanmu na Musulunci, sai ka ƙirga da kalandarka. A ranar 'yan Hindu ke tururuwa bakin ruwan Agni Theertham don yi wa iyayensu da suka mutu ibada, garin ya cika maƙil kamar kasuwar jajiberin Sallah. Waɗanda suka fi cika su ne na tsakanin Yuli da Agusta, na tsakanin Satumba da Oktoba, da na tsakanin Janairu da Fabrairu.

Wani mai adaidaita ne Allah ya turo mana. Ya ga hijabin Hajiya, ya yi mana sallama, ya kai mu unguwar masallaci muka samu asuba, mutanen wajen suka yi ta buga waya har aka samo mana otal. Don haka kada ka ɗauka garin babu Musulmi. A wannan layin gidan su Abdul Kalam yake, wanda ya shugabanci Indiya daga 2002 zuwa 2007. A garin aka haife shi a 1931, a nan kuma aka binne shi a 2015, a Pei Karumbu, inda aka buɗe ginin tunawa da shi a 2017. Ka kai yaran can, za su ƙaru. Abincin nama ma ta unguwar masallacin za ka tambaya. Kusa da haikali ba nama sam, idli ne da dosa da shinkafa da sambar a kan ganyen ayaba. Ruwan famfon garin da ɗanɗanon gishiri, ku sayi na gora.

Maganar shiga haikali da ka yi, ni shawarata ku tsaya daga waje. Wurin ibadarsu ne mai girma ƙwarai a wurinsu, mutum zai taho tun daga arewacin Indiya don a kwara masa ruwan rijiyoyi 22 da ke ciki, za ka gan su suna fitowa jagab da tufafinsu. A Janairun 2024 babbar kotun Madras ta ba da umarnin a kafa allunan da ke hana wanda ba Hindu ba wuce sandar tutar haikali a jihar Tamil Nadu. Mu ma ba mu son a shigo mana masallaci ana ɗaukar hoto muna sallah. Hasumiyar daga titi ma ana ganinta sarai.

Jirgin dare daga Chennai ya fi mota sauƙi ga yara, kuma tun Afrilun 2025 da aka buɗe sabuwar gada jirgi na shiga har cikin tsibirin. Ka zaɓi wanda ke isa bayan gari ya waye, ku ga teku dama da hagu, ba kuma za ku tsaya a titi cikin duhu irin tamu ba. Ana buɗe sayar da tikiti saura kwana 60, ka yanki na dawowa tare, ka nema wa maiɗakinka gadon ƙasa.

Dhanushkodi kada ta wuce ku, kilomita 20 ce ko kusa da haka daga Rameswaram. Gari ne da guguwa ta share a Disambar 1964, har da jirgin ƙasa da fasinjojinsa sama da 100. Kangon coci da na tashar jirgi suna nan cikin rairayi. Hajiya ta daɗe a tsaye tana kallo tana salati. Ku tafi da safe, ana rufe hanyar da yamma, ku riƙe fasfo da biza a jikinku domin Siri Lanka na nan tsallake kuma akwai 'yan sanda a hanya. Daga Oktoba zuwa Disamba damina ce da iska mai ƙarfi, ni ba zan kai yara a lokacin ba. Ruwan ɓangaren kudu yana da ja, kada ka saki hannun yaro ko da ka ga wasu na shiga. Yaran naka shekarunsu nawa ne? In akwai na goye ku riƙe lema da zani mai kauri, inuwa ta yi ƙaranci a wajen.