Amsa: kwamfutar da ta ƙi farkawa daga barci

Malam, sannu da haƙuri. Ka ce in kwamfutarka ta tebur ta yi barci, ko ka taɓa kibod ko linzami ba ta tashi, sai ka danne maɓallin wuta. Na sha wannan wahalar a shagona na Agege.

Fara kasa kunne ka ji ko fanka na juyawa. In tana juyawa amma allo baƙi ƙirin, kwamfutar ta farka, hoto ne bai fito ba. Danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare, direban hoto (manhajar da ke sarrafa fitar hoto a allo) zai sake tashi. In ya yi, sabunta direban.

In kuwa shiru ne, bayan ka kunna ta, shiga Device Manager (inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta), ka buɗe kibod, a Power Management ka ba shi izinin tada kwamfuta.

Amma nan Legas wuta na fi zargi. Lokacin barci aikinka yana cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ita kuwa sai da lantarki. Wuta ta ɗan ƙifta, ko a juya zuwa janareta, sai ta rikice. Tawa sai da na sa mata UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ta daina. Kafin ka saya, riƙa amfani da Hibernate maimakon barci, don shi a diski yake ajiye komai.