Tambaya da Amsa: Ko na'ura za ta iya yi mana zane, murya da kiɗan wasan bidiyo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da abokina ɗaliban kimiyyar kwamfuta ne, muna haɗa wasan bidiyo na waya, inda wani yaro mai tallan tumatir yake ratsa kasuwar Terminus yana kauce wa Keke Napep. Mun rubuta manhajar da Godot, wato manhajar haɗa wasannin bidiyo, amma babu mai iya zane ko kiɗa a cikinmu, kuma ba mu da kuɗin biyan masu yi. Shin za mu iya dogara da ƙirƙirarriyar basira ta samar mana da duk waɗannan, sannan mu sayar da wasan? Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ta rage muku aiki ƙwarai, amma ba za ta raba ku da buƙatar mai zane ba, kuma a wurin hotuna ne za ku fara gane haka.

Tun daga shekarar 2022, lokacin da manhajojin samar da hoto na Midjourney da Stable Diffusion suka fito fili, kowa yana iya rubuta jimla ɗaya ya samu hoto cikin ƙiftawar ido. Wannan ya wadatar ga abubuwan da ke tsaye a bayan fage, kamar sararin sama, bangon shaguna, kwandunan kayan miya, ko duwatsun Shere da ake hangowa daga nesa. Matsalar tana kan yaron naku. Kafin a ga yana gudu, sai an jera hotunansa da yawa bi da bi, kuma dole fuskarsa da rigarsa da farantin da ke kansa su kasance iri ɗaya a kowannensu. Na'ura kuwa sabon zane take yi duk sa'ad da aka tambaye ta, shi ya sa za ku ga aljihun riga ya koma hagu a hoto na uku, farantin ya zama kwando a na biyar. Ga kuma wani abu da ya fi damuna: hotunan da aka horar da waɗannan manhajoji da su galibi ba na ƙasarmu ba ne, don haka idan kuka nemi dattijo da babbar riga da hula zanna, sau da yawa wani mai jallabiyar Larabawa za a ba ku, allunan shaguna kuma su fito da haruffan da ba sa karantuwa.

Shawarata ita ce ku nemi mai zane ko da ɗalibi ne, ya zana yaron ta gaba da baya da gefe, ku yi yarjejeniya a rubuce a kan kason da zai samu idan wasan ya kawo kuɗi. Ku ɗauki hotunan kasuwar da wayarku, ku ba na'ura su a matsayin abin koyi, shi kuma mai zanen ya bi ya gyara abin da ta fitar.

Kiɗan bayan fage da ƙananan sautuka ba su da wahala, sai dai ƙarar hon da cinikin 'yan kasuwa gara ku naɗe su da kanku. Murya kuwa, na'ura takan tuntuɓe a karin sautin Hausa da tsawon wasula, kuma kunnen Bahaushe ba ya yafe wannan. Ku sa abokanku su yi maganganun. Kada ku kwaikwayi muryar wani ɗan fim ba da izininsa ba. Batun kwaikwayon murya da siffa na cikin abin da ya sa ƙungiyar 'yan fim da masu aikin murya ta Amurka, SAG-AFTRA, ta shiga yajin aiki a kan kamfanonin wasannin bidiyo daga Yulin 2024 har zuwa tsakiyar 2025. Manyan kamfanoni ma da iyaka suke amfani da fasahar: manhajar Ghostwriter da kamfanin wasanni na Ubisoft ya bayyana a 2023 daftarin gajerun maganganun mutanen gefe na cikin wasa take fitarwa, marubuta su zaɓa su gyara.

Batun sayarwa yana buƙatar natsuwa. A Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Maris na 2025 cewa abin da na'ura ta ƙirƙira ita kaɗai ba ya samun kariyar haƙƙin mallaka, wato idan kuka kai wasan can, wani zai iya kwashe irin waɗannan hotuna ba ku da bakin magana a kansu. Saboda haka ku adana zanen farko da kowane gyara da aka yi da hannu, domin su ne shaidarku. Ku karanta sharuɗɗan kowace manhaja, domin wasu ba sa yarda a yi kasuwanci da abin da aka samar a tsarinsu na kyauta. Idan kuma kuna da niyyar sa wasan a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta, tun Janairun 2024 kamfanin Valve mai dandalin ya wajabta wa masu wasanni su bayyana inda suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, kuma ana nuna bayanin a shafin wasan inda masu saye za su gani, don haka ku fara rubuta wannan lissafi tun daga yanzu.